Yadda Ake Bin Sawun Komawar Kuromosom Zuwa Ninki Biyu

Ɗauki saiwar dawa da saiwar masara, ka sa kowacce a ƙarƙashin madubin bincike, ka ƙirga kuromosom, wato 'yan sandunan da ke ɗauke da DNA na gado, da ke cikin tantani guda. Dawa 20, masara ma 20. Duk wanda ya tsaya a nan zai rantse cewa tarihinsu ɗaya ne. Amma da masana suka karanta jerin DNA ɗinsu, sai suka tarar kusan kowane yanki na dawa yana da takwarori biyu a jikin masara. Ashe kakan masara ya taɓa ninka ƙunshin kuromosom ɗinsa baki ɗaya, tsakanin shekaru miliyan 5 zuwa 12 da suka shige, ya zama mai ninki huɗu. Daga nan ya yi ta zubar da kaya yana haɗe kuromosom, har ya dawo yana tafiya kamar wanda bai taɓa ninkawa ba.

Wannan dawowa ita ake kira difuloidizeshan, wato komawa ninki biyu. Wannan jagora na ɗalibi ne ko mai binciken irin shuka da aka ɗora wa wata halitta a gaba aka ce ya faɗi ko ta taɓa ninkawa, kuma ina ta kai a hanyar dawowa. Ƙidaya kaɗai ba za ta fitar da kai ba, ko da yake da ita ake farawa.

Kafin a shiga aiki, mu daidaita harshe. Harafin x yana nufin adadin kuromosom a ƙunshi guda na asali. Harafin n kuwa adadin da ke cikin ƙwan mace ko ƙurar fure ne, 2n kuma na sauran jiki. Alkamar burodi 2n ɗinta 42, x ɗinta 7, saboda haka ƙunshi shida take ɗauke da su. Mai ƙunshi biyu difuloid ne; wanda ya haura biyu folifuloid, sunan da Hans Winkler ya raɗa a 1916. Ninkin iri biyu ne: ko dai halitta ta ninka nata na kanta, kamar dankalin turawa mai 48, ko kuma jinsi biyu su haɗu su haifi ɗan gauraye sannan ya ninka, kamar gyaɗa mai 40 da ta fito daga Arachis duranensis da Arachis ipaensis. Riƙe wannan bambanci da kyau, domin zai sake bijiro maka a kowane mataki.

Akwai kuma wata ma'anar kalmar da masu kyautata iri ke amfani da ita: a ɗauki tsiro mai ƙunshi ɗaya tak, a ninka shi da magani ya zama mai biyu don a samu tsantsar iri cikin sauri. Wannan aikin watanni ne a ɗakin gwaji. Namu na miliyoyin shekaru ne.

Mataki na farko: ƙirga

Jiƙa iri a kan takarda mai laima har saiwa ta kai santimita 1 zuwa 2. Yanke bakinta, wurin nan fari fat da tantani ke ta rabuwa. Sai ka tsayar da rabuwar a daidai lokacin da kuromosom suka fi kauri: ko ka jefa saiwar a ruwan ƙanƙara na kwana guda, wanda alkama ke amsawa sosai, ko ka sa ta a ruwan kolcisin mai rauni na 'yan awanni. Kolcisin guba ne, kada ka taɓa shi sai da safar hannu. Shi ne maganin da Blakeslee da Avery suka nuna a 1937 cewa yana ninka kuromosom, domin yana hana zaren da ke jan su gefe biyu samuwa. In ka bar saiwa ta daɗe a ciki, da hannunka za ka ninka abin da ka zo ƙirgawa.

Daga nan ka kashe saiwar ka adana siffarta a haɗin etanol kashi 3 da asid na asetik kashi 1, ta kwana. Ka tausasa ta a asid na haidrokulorik mai ɗumin digiri 60 na mintuna kaɗan, ka rina da asetokamin, ka ɗora a gilashi, ka rufe da siririn murfi, ka sa takarda a kai ka danna da babban yatsa, kai tsaye ƙasa. Da murfin ya zame gefe ko kaɗan, kuromosom za su naɗe kamar igiyar da aka murza, aikin ya tashi a banza. Wannan dannawa ita ce ke kayar da sababbin hannu, kuma babu littafin da ke koyar da ita, sai an ɓata gilashi da yawa.

Kada ka yarda da tantani ɗaya. Ƙirga goma ko fiye, daga tsirrai daban-daban. An shafe shekaru fiye da talatin ana rubuta cewa ɗan Adam yana da 48, sai a 1956 Tjio da Levan suka tabbatar 46 ne. In kana da na'urar auna yawan DNA a tantani, yi amfani da ita don tace samfura masu yawa, amma ita nauyi take faɗa maka, ba adadi ba.

Da ka samu lamba, jera ta da ta 'yan uwa na kusa. A dangin alkama za ka ga 14, 28, 42: tsani ne bayyananne na bakwai-bakwai. A dangin kabeji, masanin nan ɗan Koriya da aka fi sani da U ya nuna a 1935 cewa jinsi uku masu 20 da 18 da 16 sun haɗu biyu-biyu sun ba da masu 38 da 36 da 34. In ka ga irin wannan tsani, ninkin sabo ne. In ba ka gani ba, ba ka wanke kowa ba tukuna; ka tuna da masara.

Mataki na biyu: duba wa ke kama hannun wa

Nan ne asalin maganar take. Lokacin da tsiro zai yi ƙurar fure ko ƙwai, ana wata rabuwa ta musamman mai suna miyosis, inda kowane kuromosom ke neman takwaransa su manne, su yi musayar yanki, sannan su rabu, ɗaya nan ɗaya can. In su biyu ne, babu rikici. In kuwa huɗu ne masu kama da juna, sai a ga huɗun sun sarƙe wuri guda kamar zobe, ko uku sun haɗu an bar ɗaya yana gararamba. A wurin rabuwa sai wannan gefe ya kwashi uku, wancan ya tashi da ɗaya. Ƙurar da ta fito haka ba ta da daidaito, yawanci mutuwa take yi. Abin da ya sa ayaba mai ƙunshi uku, 33, ba ta yin iri ke nan, haka ma kankana marar 'ya'ya.

Don ganin wannan, tsinki furanni tun suna ƙanana ƙwarai, ka jera su bisa girma, ka adana a haɗin nan na 3 da 1. Fasa jakar ƙura guda a ɗigon rini. In ka ga ƙura ta riga ta ƙulla, ka makara, koma kan ƙaramin fure. In ka ga tantani lumui babu motsi, ka yi sammako. Abin da kake nema shi ne lokacin da kuromosom suka jeru a tsakiya. A tantani 50 ko fiye, rubuta nawa ne biyu-biyu, nawa uku, nawa huɗu, nawa ke tsaye su kaɗai.

Alkamar burodi za ta ba ka mamaki. Ƙunshi shida gare ta, daga kakanni uku da ake wa laƙabi A da B da D, kuma kuromosom na 1A da 1B da 1D sun yi kama ƙwarai. Duk da haka za ka ƙirga haɗi 21 cif, biyu-biyu, babu ko ɗaya da ya kauce. A 1958 Ralph Riley da Victor Chapman a Ingila, da kuma Ernest Sears da Okamoto a Amurka, suka gano dalili: akwai wani gurbi a kan kuromosom 5B, wanda daga baya aka sa wa suna Ph1, da ke hana kuromosom ya riƙe ɗan uwan nesa, sai tagwayensa na ainihi. Cire 5B, nan take sarƙewa ta dawo. Bincike na baya-bayan nan ya danganta mafi yawan wannan aiki da wata ƙwayar gado mai suna ZIP4. Masu kyautata alkama kan kashe Ph1 da gangan idan suna so su shigo da juriyar cuta daga ciyawar daji, domin sai mai gadin ya kau kuromosom ɗin baƙo zai samu shiga.

Wannan shi ne matakin farko na dawowa, kuma shi ne na rai da mutuwa: wanda bai gyara miyosis ɗinsa ba, ba zai bar zuriyar da za ta yi sauran ba.

Mataki na uku: lissafa gado

Ga inda mutane da yawa ke zamewa. Ganin biyu-biyu a madubi bai nuna an koma ninki biyu ba. Tsiron da ya ninka nasa na kansa kuma ya daɗe, kamar Arabidopsis arenosa mai ninki huɗu, yana iya yin haɗi biyu-biyu tsaf, amma kowane kuromosom cikin huɗun yana ɗaukar duk wanda ya samu cikin sauran ukun. A ido difuloid ne, a gado har yanzu mai huɗu ne. Lissafi ne kaɗai ke tona wannan.

A ce akwai siffa mai ƙwayar gado biyu, A mai rinjaye da a mai ɓuya, kuma tsironka AAaa ne. Bar shi ya haɗu da kansa, ka shuka 'ya'yan, ka ƙirga masu nuna ɓoyayyar siffar.

In kuromosom huɗun suna zaɓen abokan haɗi ba tsari, ƙurar za ta fito AA kashi 1, Aa kashi 4, aa kashi 1. Mai ɓoyayyar siffa zai zama 1 cikin 36. In ƙwayar tana nesa da ƙugun kuromosom, wato matsattsen wurin da zare ke kamawa lokacin rabuwa, adadin na iya hawa zuwa kusan 1 cikin 22. In kuwa huɗun sun riga sun rabu gida biyu, kowane gida Aa, za ka samu 1 cikin 16. In kuma gida ɗaya AA ne ɗayan aa, ba za ka taɓa ganin siffar ba ko ka shuka dubu, domin kowace ƙura Aa za ta ɗauka. Wannan na ƙarshe shi ne halin da aka saba gani a 'yan gauraye irin su gyaɗa da auduga.

Sai dai ka lura da yawan tsirrai. A tsiro 100, lissafin farko yana ba ka kusan 3, na biyu kusan 6. Tazarar nan sa'a kaɗai na iya cike ta. A tsiro 600 kuwa, kusan 17 ne da kusan 37, wanda ba ya buƙatar gardama. Yau an fi yin wannan da alamomin DNA dubbai a lokaci guda, abin da ke ba ka damar duba kowane kuromosom shi kaɗai. Yi hakan, domin sau da yawa wani ya koma biyu, wani bai koma ba, a jikin halitta ɗaya.

Mataki na huɗu: jera jinom biyu kafaɗa da kafaɗa

In matakai ukun nan duka sun ce maka difuloid ne, to ko dai bai taɓa ninkawa ba, ko ya daɗe da dawowa. Madubi ya gama nasa, saura kwamfuta da jinom, wato jimillar DNA ɗin halitta.

Abu mafi muhimmanci shi ne zaɓen abin kwatanci: ɗan uwa da ya rabu da halittarka kafin ninkin da kake zargi. Ga masara, dawa. Ga yis ɗin burodi mai kuromosom 16, masana sun yi amfani da Kluyveromyces waltii mai 8. Ken Wolfe da Denis Shields sun faɗa tun 1997 cewa yis ya taɓa ninkawa kimanin shekaru miliyan 100 baya, an yi ta musu, sai a 2004 kwatancin nan ya kashe bakin kowa.

Fitar da jerin furotin na jinom biyun, ka nemo waɗanda suka dace da juna, sannan ka ba manhaja irin MCScanX ko SynMap ta zana maka hoton ɗigo-ɗigo: kuromosom ɗin wannan a kwance, na wancan a tsaye. Inda ƙwayoyin gado suka biyo juna a tsari ɗaya, ɗigon kan zama layi mai karkata. In kowane yanki na abin kwatanci ya ba da layi biyu a halittarka, an ninka sau ɗaya. In uku ne, an ninka uku, kamar yadda jinom ɗin inabi ya tona a 2007 cewa kakan mafi yawan tsirrai masu ganyen tsiro biyu ya taɓa yi.

Kada ka sa ran ganin kwafi biyu cikakku. A ce ɗan uwan yana da ƙwayoyi 1 zuwa 8 a jere. A halittarka, yanki na farko zai iya riƙe 1, 2, 4, 7, na biyu kuma 1, 3, 5, 6, 8. In ka kwatanta yankunan biyu da junansu, 1 kaɗai suka haɗa, ba za ka ce 'yan uwa ba ne. Sai ka shimfiɗa su a ƙarƙashin na ɗan uwan ne za ka ga suna cike giɓin juna kamar haƙoran zif. A yis, kusan ɗaya cikin goma ne kawai na ƙwayoyin suka rage biyu-biyu. Sauran duk an zubar da kwafi ɗaya.

Mataki na biyar: ƙiyasta shekaru

Ɗauki ƙwayoyin da suka rage biyu-biyu, ka auna bambancin da ke tsakaninsu a wuraren da sauyin harafin DNA ba ya sauya furotin. Ana kiran wannan awo Ks. Tunda duka an haife su rana ɗaya, za su taru wuri ɗaya a jadawali su yi tudu. Waken suya yana nuna tudu biyu, na kimanin shekaru miliyan 59 da na miliyan 13.

Ni dai ba na amincewa da tudun Ks shi kaɗai in babu hoton ɗigo a bayansa. Ƙwayoyin da ke kwafar kansu ɗai-ɗai a gefen juna suna tara tudun ƙarya kusa da sifiri. In awon ya haura 2, wuraren sun sauya sau da yawa har lissafi ya dushe. Sannan a ɗan gauraye, tudun yana nuna ranar da iyayen biyu suka rabu ne, ba ranar da suka sake haɗuwa ba. Kwaɗon Xenopus laevis mai kuromosom 36 misali ne: iyayensa sun rabu kimanin shekaru miliyan 34 baya, amma haɗuwarsu ba ta wuce miliyan 17 zuwa 18 ba.

Mataki na shida: wa aka zubar, wa aka bari

Zubar da kwafi ba a makance ake yin sa ba, kuma a nan ne aikin ya fi daɗi. Raba jinom ɗin gida-gida bisa asali, ka ƙirga abin da kowane gida ya rasa. A masara gida ɗaya ya riƙe ƙwayoyi fiye da ɗayan, kuma nasa sun fi aiki. A kwaɗon nan ma haka: gidan da ake kira L ya tsira da yawa, gidan S ya gajarce ya yi asara. Irin wannan son kai alama ce mai ƙarfi ta gauraye. In gidajen sun yi asara daidai wa daida, an fi zaton ninkin kai ne, ko iyayen sun yi kusa ƙwarai.

Sai ka duba irin waɗanda suka tsira biyu-biyu. Za ka tarar yawancinsu masu aikin gayya ne: furotin ɗin da ke haɗuwa su gina na'ura guda kamar ribosom mai ƙera furotin, da masu kunna wasu ƙwayoyi ko kashe su, da masu isar da saƙo cikin tantani. Dalili shi ne ma'auni. In na'ura tana buƙatar sassa goma kuma duka an ninka, zubar da kwafin sashe ɗaya zai bar tara suna jiran wanda ya yi ƙaranci. Masu gyaran DNA da masu kula da miyosis kuwa, da wuri sukan koma ɗaya.

Kwafin da ya tsira yana da hanya uku. Ko su ci gaba da aiki ɗaya don a samu yawa, ko su raba aikin kakansu, wannan a saiwa wancan a ganye, ko kuma ɗaya ya riƙe tsohon aiki ɗayan ya koyi sabo. Wannan ta ƙarshe ita Susumu Ohno ya kafa hujja a kanta a 1970, shi ya sa ake kiran irin waɗannan tagwaye onolog don tunawa da shi.

Mataki na bakwai: nemo inda aka yi ɗinki

Saura tambayar da muka faro da ita: yaya kuromosom 40 na kakan masara suka koma 20? Kuromosom suna haɗewa, baki da baki, ko ɗaya ya kutsa cikin ƙugun wani, sannan ƙugu ɗaya ya mutu, domin mai ƙugu biyu masu aiki yagewa yake yi wurin rabuwa. A hoton ɗigonka za ka gane wannan idan kuromosom guda na halittarka ya dace da biyu ko uku na abin kwatanci, yanki bayan yanki. 'Yar ciyawar nan Arabidopsis thaliana ta sauko daga 8 zuwa 5 a ƙunshi guda ta wannan hanya. Kuromosom na 2 na ɗan Adam ma ɗinki ne na biyu da har yanzu suke rabe a jikin cimfanzi, kuma ragowar bakunansu na nan a tsakiyarsa, ko da yake wannan ɗinki bai biyo bayan wani sabon ninki ba.

Da ka tattara sakamakon, ajiye halittarka a kan hanya. A farkon hanya akwai Tragopogon miscellus, furen da Marion Ownbey ya bayyana a 1950 a arewa maso yammacin Amurka, wanda ya samu a ƙarni na 20: tsirrai da yawa suna da 24 ɗin da ake tsammani, amma wani ya ɗauki uku na wannan uba da ɗaya na wancan a maimakon biyu da biyu. Gaba kaɗan akwai alkama, wadda ta gyara haɗi amma tana riƙe da kusan duk kayanta. Can gaba masara. A ƙarshen hanya mu ne: kakan dabbobi masu ƙashin baya ya ninka sau biyu fiye da shekaru miliyan 450 baya, kuma rukunin ƙwayoyin Hox masu tsara jiki daga kai zuwa wutsiya, da ke guda ɗaya a jikin amfiyoksus, wata 'yar halittar teku mai kama da kifi, huɗu ne a jikinmu, a kuromosom na 2 da 7 da 12 da 17.

Wurin rubuta rahoto, kada ka ba halitta matsayi ɗaya in shaidarka ta nuna biyu. Kifin salmon na Atilantika ya ninka tsakanin shekaru miliyan 80 zuwa 100 da suka wuce. Jinom ɗinsa da aka fitar a 2016 ya nuna yawancin kuromosom sun daɗe da rabuwa gida biyu, amma wasu yankuna na bakin kuromosom har yau kusan iri ɗaya suke, kuma a jikin maza sukan sarƙe huɗu-huɗu su yi musaya. Ga irin wannan kifi, sai ka zana jadawali mai layi ɗaya ga kowane hannun kuromosom, ka rubuta a gaban kowanne yadda yake haɗi, yadda yake gado, da kashi nawa na kwafinsa ya rage.